Asibitin Gwamnati Ba Shi Ne Gurguzu Ba

An daɗe ana cewa duk ƙasar da gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar jama'a ta rungumi gurguzu ke nan. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Gaskiya ne Tarayyar Sobiyet ta yi hakan. Tun 1918 Nikolai Semashko, kwamishinan lafiyarta, ya jagoranci tsarin da asibitoci suka zama mallakar gwamnati, likitoci kuma ma'aikatanta. Kyuba ma haka ta bi bayan juyin juya halin 1959. Amma dokar inshorar lafiya ta ma'aikata ta riga su: Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, shi ne ya kawo ta a ƙasar a 1883, shi kuwa babban abokin gabar 'yan gurguzu ne. Ya yi ta ne domin ya janye ma'aikata daga jikinsu.

Birtaniya ta kafa NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, ranar 5 ga Yulin 1948 ƙarƙashin minista Aneurin Bevan, kuma har gobe ƙasar jari-hujja ce. Ko firayim minista Margaret Thatcher, da ta sayar da kamfanonin gwamnati da dama, ba ta rushe hukumar ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda laƙabin gurguzu ke hana mutane yin tambayar da ta dace: daga ina kuɗin ke fitowa, wa ke mallakar asibitin? A Kanada gwamnati ce ke biya daga haraji, amma yawancin likitoci masu zaman kansu ne.