Ƙa'idar Blackstone: dalilin da shakka ke kuɓutar da wanda ake tuhuma

Sir William Blackstone, wanda aka haifa a Landan a 1723 ya kuma rasu a 1780, ya koyar da dokar Ingila a Jami'ar Oxford, ya zauna a majalisar dokoki, sannan aka naɗa shi alƙalin babbar kotu a 1770. Sunansa ya yi fice ne saboda littafinsa na sharhin dokokin Ingila, mai juzu'i huɗu, wanda ya fito tsakanin 1765 da 1769. A juzu'i na huɗu, mai bayani kan manyan laifuffuka, ya rubuta cewa a wurin doka gara masu laifi goma su kuɓuta da a zalunci mutum ɗaya marar laifi.

Mutane da dama suna ɗaukar wannan magana a matsayin sassauci ga ɓarayi da masu kisan kai, amma a ganina kuskuren fahimta ne. Blackstone ya faɗe ta ne a inda yake bayani kan hujja, wato yadda kotu za ta yi da alamun da ke nuna mutum ya aikata laifi alhali babu wanda ya gani da idonsa. Goman da ya ambata ba lissafi ba ne. Abin nufi shi ne, idan an gama sauraren shaidu kuma shakka mai tushe ba ta gushe ba, to a sallami wanda ake tuhuma, domin nauyin tabbatar da laifi yana wuyan mai gabatar da ƙara.

Sai an duba zamaninsa kafin a ga nauyin maganar. Shi da kansa ya ƙirga laifuffuka 160 da hukuncinsu kisa ne a Ingila, kuma wanda ake tuhuma da babban laifi bai samu cikakken 'yancin lauya ya yi jawabi a madadinsa ba sai a 1836. Kuskuren kotu a wancan lokaci yakan ƙare ne a bakin igiyar rataya.

Blackstone ya jingina bayaninsa da sharuɗɗa biyu na Alƙali Matthew Hale: kada a kama mutum da laifin sata don kawai ya kasa bayyana inda ya samo kaya, sai an tabbatar an yi satar, kada kuma a yanke hukuncin kisan kai sai an ga gawa. Hale ya kawo labarin wani mutum da ke riƙon marainiyar ɗan'uwansa. An ji yarinyar tana roƙonsa kada ya kashe ta yayin da yake dukanta, daga nan aka neme ta aka rasa. Da tsoro ya kama shi, sai ya samo wata yarinya ya kai kotu a matsayin ita ce, asirinsa ya tonu, aka rataye shi. Bayan shekaru sai ga marainiyar ta dawo da ranta tana neman gadonta, ashe gudu ta yi. Kowace alama ta nuna shi ne, har da ƙaryar da ya shirga, amma bai kashe kowa ba.

A yau kotu na iya yanke hukunci ko ba a ga gawa ba, muddin sauran hujjoji ba su bar ƙofar shakka ba, amma tushen ƙa'idar yana nan. Masu ilimin fiƙihu ba za su ga baƙon abu ba, tunda malamai sun daɗe da cewa ana kawar da haddi saboda shubuha. Nijeriya, wadda ta gaji tsarin shari'ar Ingila, ta tanadi a sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 cewa duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, yayin da sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya wajabta a tabbatar da shi ba tare da sauran shakka mai ma'ana ba.