Matakan al'umma a tsohuwar Hawai

Kafin zuwan Turawa a shekarar 1778, mutanen tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Fasifik sun kasu kashi huɗu: ali'i, wato sarakuna da danginsu, kahuna, masu kula da ibada da gwanayen sana'o'i, maka'ainana, wato talakawa, sai kauwa, waɗanda aka ware daga jama'a. Da haihuwa mutum yake samun matsayinsa. Masu bincike suna ganin 'yan Folinesiya, mutanen wasu tsibiran Fasifik, sun fara zama a tsibiran tsakanin shekarar 1000 da 1200, ko da yake a da an ba da lokutan da suka girme wannan. Labaran baka sun ce wani kahuna mai suna Pa'ao, da ya zo daga ƙasar da suke kira Kahiki, shi ya kawo tsauraran dokokin da tsarin ya ginu a kai.

Sarakuna

Darajar basarake tana ga jininsa, domin sun yi imani cewa mana, ƙarfin da ke saukowa daga alloli, ta hanyar nasaba yake bi. Shi ya sa kowace fada take da masu haddace asalin gidan, suna rera shi tun daga kakannin farko. Mafi girman daraja ita ce pi'o, ɗan da aka haifa tsakanin wa da ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, su biyun kuma manyan sarakuna. Irin wannan yana da kapu moe (kapu shi ne haramci na addini): duk wanda ya gan shi sai ya kwanta rub da ciki, wanda ya saɓa kuwa hukuncinsa kisa. An ce wasunsu da dare suke fita don kada su tsayar wa jama'a da aiki. Naha, wanda iyayensa suka haɗa uwa ko uba kaɗai, zama ake yi a gabansa. Inuwar talaka ma ba ta faɗa wa babban sarki ko gidansa.

Daraja daban, mulki daban. Kamehameha na Ɗaya, wanda ya ci tsibirin Oahu a yaƙin Nu'uanu a 1795 kuma ya karɓi mubaya'ar tsibirin Kauai a 1810, bai kai matarsa Keopuolani daraja ba, kuma 'ya'yanta ne suka gaje shi. Haka Umi ɗan Liloa, wanda mahaifiyarsa ba ta cikin manyan gidajen sarauta, ya karɓe mulkin tsibirin Hawai, mafi girma cikin tsibiran, daga hannun ɗan'uwansa Hakau, wataƙila a ƙarni na 15 ko na 16.

Ana gane sarki da alkyabbar gashin tsuntsu da hular kwano ta gashi. Ja daga tsuntsun i'iwi ake samunsa, rawaya kuma daga mamo da o'o, waɗanda baƙaƙe ne sai 'yan gashin rawaya kaɗan a jikinsu, don haka rawayan ya fi tsada. Akwai kuma abin wuya na haƙorin kifin wale da aka rataya a kitsatstsen gashin mutum.

Rabon ƙasa

Babban sarki ke riƙe da tsibiri a madadin alloli. Ana raba tsibirin zuwa gundumomi, moku, kowace gunduma kuma zuwa ahupua'a, yanki da yawanci yake farawa daga kan dutse ya gangara har bakin teku, domin mazaunansa su sami katako da gona da kifi a wuri guda. Ƙaramin basarake ne ke riƙe da ahupua'a, amma aikin yau da kullum yana hannun wakilinsa, konohiki. Shi ke tara mutane su haƙa magudanar ruwa, ya tsara yadda ruwan zai bi fadamun gwaza, ya hana kamun wani kifi a lokacin da yake ƙwai. Wanda ya ƙi fita gyaran magudana ana iya hana gonarsa ruwa.

Riƙon ƙasa ba gado ba ne mai tabbas. Duk sabon sarki yakan sake raba gundumomi ga magoya bayansa, kuma wannan rabon ya sha haddasa yaƙi, kamar wanda ya biyo bayan mutuwar Kalani'opu'u, sarkin tsibirin Hawai, a 1782.

Talakawa

Su ne mafi yawa: manoman gwaza da dankali, masunta, masu gina tafkunan kiwon kifi, da mata masu bugun ɓawon itace su yi tufafin kapa. Suna noma gandun basarake, suna fita yaƙi idan an kira. Haraji a lokacin Makahiki ake karɓarsa, bikin Lono, allan noma, na kusan wata huɗu da ke farawa idan taurarin Kaza da 'ya'yanta suka bayyana da magariba, wajen Nuwamba. Ana zagaya tsibiri da gunkin Lono, kowace ahupua'a ta tara aladu da karnuka da kapa da gashin tsuntsu a kan iyakarta. Ba a yaƙi a cikin watannin nan.

Marubuta da dama sun kamanta tsarin da mulkin masu gandu na tsohuwar Turai, wasu kuma sun ƙi kwatancen, domin talakan Hawai ba a ɗaure yake da ƙasa ba. Idan konohiki ya matsa masa, yana iya kwashe iyalinsa ya koma wani yanki, basaraken ya rasa hannun aiki.

Kahuna da kauwa

Manyan kahuna daga gidajen sarauta suke fitowa, su ke jagorantar hadayar mutane ga Ku, allan yaƙi, a wuraren ibada irin su Pu'ukohola da aka kammala a 1791. Sunan kahuna ya haɗa har da masu magani da masassaƙan kwalekwale.

Kauwa kaɗan ne, suna zaune a keɓe, wasu da zane a goshi, ba a aure da su, kuma daga cikinsu ake ɗaukar abin hadaya. An yi saɓani kan asalinsu: kamammun yaƙi ne, ko zuriyar masu karya doka.

Rushewar tsarin

Dokar kapu ta hana maza da mata cin abinci tare, ta kuma hana mata naman alade da kwakwa da yawancin nau'o'in ayaba. Bayan rasuwar Kamehameha a Mayun 1819, ɗansa Liholiho ya ci abinci tare da mata a bainar jama'a, bisa matsin Ka'ahumanu, wata matar mahaifinsa, da mahaifiyarsa Keopuolani. Wani basarake, Kekuaokalani, ya yi tawaye don kare tsohon addini, aka kashe shi a yaƙin Kuamo'o a ƙarshen shekarar. Rabon ƙasa na Mahele a 1848 da dokar Kuleana ta 1850 sun mayar da ƙasa abin saye da sayarwa, kuma abin da talakawa suka samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar ba.