Jiha ta samu ikon shimfiɗa layin dogo: ina iyakar ikon Gombe?

A watan Maris na 2023 shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan wasu gyare-gyaren kundin tsarin mulki. Ɗaya daga cikinsu ya shafi jirgin ƙasa. Tun daga nan ake jin mutane a Gombe suna cewa ai yanzu gwamna na iya dawo mana da jirgi in ya ga dama. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba haka take kai tsaye ba.

Kundin 1999 ya raba ikon yin doka gida biyu. Akwai jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, irin su soja, kuɗin ƙasa da kwastan. Akwai kuma jerin haɗaka, inda tarayya da jihohi duk suke da ta cewa. Da can layin dogo yana cikin jeri na farko. Ga kuma dokar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta 1955, wadda ta hana kowa shimfiɗa dogo don jigilar jama'a ko kaya sai da amincewar minista. Gyaran 2023 ya ɗauke layin dogo daga jeri na farko ya mai da shi na haɗaka.

Abin da jiha ta samu shi ne: majalisar dokokinta na iya yin doka ta kafa kamfanin jirgin ƙasa na jiha, ta shimfiɗa dogo, ta gina tasha, ta kula da su. Sharaɗin ɗaya ne, komai ya tsaya a cikin iyakar jihar. Da zarar dogo ya tsallaka zuwa wata jiha, ya koma hurumin tarayya, kuma tarayya ce ke da ikon kafa hukumar da za ta sa ido kan harkar a duk faɗin ƙasa. Idan dokar jiha ta ci karo da ta Majalisar Tarayya, sashe na 4(5) na kundin ya yanke hukunci: ta tarayya ce a sama.

To, nan ne gizo ke saƙa. Jirgin da ya taɓa yi wa Gombe rana ba na zagaya gari ba ne. Reshen da ya tashi daga Kuru kusa da Jos ne, ya bi ta Bauchi da Gombe da Bajoga, ya isa Maiduguri a 1964. Don wannan aiki da sauran gyaran reluwe Najeriya ta ci bashinta na farko daga Bankin Duniya a 1958, dala miliyan 28. Amfaninsa shi ne ya haɗa gonakin auduga da gyaɗa na wannan yanki da teku a Fatakwal. Wanda ya san unguwar BCGA a Gombe, wadda ta ci sunan tsohon kamfanin auduga na Turawan Ingila, ya san abin da auduga ta yi wa garin nan. Wannan layi kuwa ya ratsa jihohi da yawa, don haka har gobe na tarayya ne. An ƙaddamar da aikin gyara shi a 2021, amma mutumin Gombe bai ga tarago ya dawo ba tukuna. Ƙarafuna na nan kwance, ciyawa ta rufe wasu, gine-gine sun matse wasu.

Haka tashoshin jiragen ruwa da kwastan: gyaran bai taɓa su ba. Jiha ba za ta wayi gari ta ayyana wani fili a matsayin tashar tsandauri, wato tashar kan tudu da ake shige da ficen kayan ƙasashen waje kamar a bakin teku, da kanta ba. Irin ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023, sai da sahalewar tarayya.

Ke nan gyaran bai tsinana mana komai ba? A ganina ya tsinana, in aka san inda za a taɓa. Ka tsaya a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, ranar da kasuwa ta cika. 'Yan dako na ta cusa buhunan masara da wake da riɗi a tirela, direba na zaune a ƙarƙashin mota yana lissafin kuɗin gas da na shingayen hanya kafin ya kai kudu. Duk wannan lissafi daga kuɗin manomi ake cire shi, don ɗan kasuwa ba zai yarda ya faɗi ba. Ga kuma motocin siminti daga Ashaka da ke niƙa kwalta dare da rana. Kaya masu nauyi irin waɗannan su ne abincin jirgin ƙasa. Abin da doka ta ba jiha yanzu shi ne ta ja gajerun rassa daga inda kaya suke zuwa babban layi: daga kasuwar hatsi, daga yankin masana'antu na Dadin Kowa, daga duk inda ake tara amfanin gona. Kuma tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Shi ke da ikon keɓe hanyar da dogo zai bi tun kafin gidaje su cinye ta, ya ware filin loda kaya da rumbuna. Wannan bai kai tsadar sayen jirgi ba, kuma in aka yi sakaci da shi yau, diyyar gobe sai ta fi ƙarfin baitulmali.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba, faɗin dogo. Tsohon layin da ya bi ta Gombe siriri ne, milimita 1,067 tsakanin ƙarafuna biyu. Sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Jihar da ta shimfiɗa reshenta ba tare da ta daidaita da babban layi ba, sai an sauke kaya an sake lodawa a mahaɗa, kuma kowane buhu da aka ɗaga sau biyu kuɗi ne.

Saboda haka duk mai son ganin jirgi ya dawo, ya raba kokensa biyu. Maganar gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri ta sanatoci ce da 'yan majalisar wakilai, su ke zama kan kasafin tarayya. Maganar dokar jirgin ƙasa ta jiha, da filin da za a keɓe, da rassan da za su ɗauko kaya, ta gwamna ce da 'yan majalisar jiha da ke zama a nan cikin Gombe.