Waiwaye: maki bakwai da suka raba Pacquiao da Marquez a turmi 36

Daren 12 ga Nuwamba 2011, a zauren MGM Grand da ke Las Vegas, aka karanta takardun alƙalai uku: 114-114, 115-113, 116-112. Manny Pacquiao na ƙasar Filifins ya ci gaba da riƙe kambun WBO, ɗaya daga cikin hukumomin damben boksin na duniya, na ajin nauyin welta. Juan Manuel Marquez na Meziko kuwa ya fice daga fage a fusace, bai ko tsaya hira ba. Zaure ya kaure da ihu, wasu 'yan kallo har da jifa da gwangwanaye. Har yau masu bin damben boksin ba su daina musu a kan wannan hukunci ba, kuma ba za a gane bakin zarensa ba sai an koma shekaru bakwai baya.

Kafin nan sai a san yadda ake ba da maki, don a nan matsalar take kwance. Alƙalai uku ne ke zama a ɓangarori uku na fage, kowa shi kaɗai. Turmi minti uku ne, hutu minti ɗaya. Da an kaɗa ƙararrawa kowane alƙali zai rubuta makin turmin a 'yar takarda, alƙalin da ke cikin fage ya karɓa ya miƙa wa jami'an hukumar wasanni ta jihar Nevada. Abin da aka miƙa ya miƙu, ba a gyarawa. Wanda ya ci turmi yana samun 10, ɗayan 9. Idan an kai mutum ƙasa sau ɗaya a kan rubuta 10-8, sau biyu 10-7, sau uku 10-6. Abubuwa huɗu ake dubawa: naushin da ya shiga tas, matsin da ya haifar da ɗa mai ido, iko da fage, da iya kare kai. Babu wata ƙa'ida da ta ce wannan kashi kaza ne, wancan kashi kaza. Kuma wanda ya ci turmi da ƙyar da wanda ya ci shi da rata, matuƙar ba a faɗi ba, yawanci 10-9 ɗin ce dai ake rubuta musu.

Karon farko ya zo ranar 8 ga Mayu 2004, a ajin laba 126, wato kilo 57 da 'yan kai. Marquez ke riƙe da kambun hukumomin WBA da IBF. Pacquiao bahago ne mai saurin tsiya, kuma tun a turmin farko ya kai Marquez ƙasa sau uku da hannun hagu. Dokar tsayar da wasa bayan faɗuwa uku ba ta aiki a wannan karawa, alƙalin fage Joe Cortez kuma ya ga mutumin yana cikin hayyacinsa, sai ya bari aka ci gaba. Marquez ya tashi hancinsa na jini, ya gano ta inda hagun ke fitowa, ya fara tarbarsa da dama.

A ƙarshe John Stewart ya ba Pacquiao 115-110, Guy Jutras ya ba Marquez 115-110, Burt Clements ya rubuta 113-113. Canjaras. A duba lissafin da kyau: Jutras ya ba Marquez turmi goma cikin sha ɗaya da suka rage, Stewart ya ba shi biyar kacal. Mutum biyu ƙwararru sun kalli faɗa ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu maki goma. Shi kuwa Clements 10-7 ya rubuta a turmin farko, alhali sauran biyun sun rubuta 10-6, daga baya kuma ya amsa cewa kuskure ya yi. Da ya rubuta kamar abokan aikinsa, takardarsa 113-112 za ta nuna, Pacquiao ya tafi da kambu biyu. Wannan shi ne kuskure ɗaya tak a duk tarihin karawarsu da wanda ya yi shi ya amsa da bakinsa, kuma Pacquiao ne ya cutu. Magoya bayan Marquez ba su cika son a tuna musu da shi ba.

Sai da aka yi kusan shekara huɗu suka sake haɗuwa, ranar 15 ga Maris 2008 a Mandalay Bay, a laba 130, a kan kambun WBC da ke hannun Marquez. A turmi na uku hagun Pacquiao ya sake kai shi ƙasa. Duane Ford ya ba Pacquiao 115-112, Jerry Roth ya ba Marquez 115-112, Tom Miller ya ba Pacquiao 114-113. A takardar Miller turmi shida-shida suka raba, maki ɗaya na faɗuwar nan ne ya ƙwace kambun.

Daga nan hanya ta rabu. Pacquiao ya yi ta hawa aji, ya doke Oscar De La Hoya, da Ricky Hatton, da Miguel Cotto wanda a hannunsa ya karɓi kambun WBO a 2009, da Antonio Margarito, da Shane Mosley. Marquez ya tsaya a laba 135 yana cin nasara, ya gwada hawa sama a Satumba 2009, Floyd Mayweather ya yi masa fintinkau. Shi ya sa da aka ƙulla karo na uku a laba 144, ƙasa da iyakar ajin welta ta 147, mutane da yawa suka ɗauka Marquez mai shekara 38 ba zai kai labari ba a gaban Pacquiao mai 32. A awon nauyi Pacquiao ya hau 143, Marquez 142.

Abin da ya faru a fage ya saɓa wa wannan hasashe, kuma dalilin yana ƙafafu. Idan bahago ya haɗu da mai dama, kowa yana neman ya sa ƙafarsa ta gaba a wajen ƙafar abokin karawarsa, don daga nan ne hannun baya ke samun hanya miƙe. Marquez yakan zagaya ta hagunsa, yana nisantar hagun Pacquiao, ya ja rabin taku baya daidai lokacin da Pacquiao ya zaburo, sannan ya tarbe shi da dama a fuska ko ya nutsa masa naushi a ciki. Irin wannan naushi na tarba yana girgiza kai a fili, duk wanda ke zaure zai gani. Pacquiao kuma shi ke takawa gaba, shi ke fara jifa, yana sakin naushi biyu uku ya kauce, da yawa suna sauka a safar hannu ko kafaɗa, wasu suna shiga. A wannan daren ba a kai kowa ƙasa ba. Karo na farko ke nan da Pacquiao bai samu ƙarin makin faɗuwa ba, don haka komai ya koma kan yadda kowane alƙali ke auna matsi da tarba.

Ƙididdigar CompuBox, masu ƙirga naushi a wasan dambe, ta ce Pacquiao ya shigar da naushi 176 cikin 578, Marquez 138 cikin 436. Masu goyon bayan hukuncin kan ɗaga wannan a matsayin hujja, amma tana da iyaka. Mutum biyu ne ke zaune suna danna maɓalli, kowa yana bin ɗan dambe ɗaya, kuma naushin da ya shafi fata da wanda ya juya wuya duk ɗaya-ɗaya ake ƙirga su. Alƙalai ma ba sa ganin waɗannan alƙaluma, ba sa ganin maimaici, ba sa jin masu sharhi. Abin da idonsu ya gani daga kujerarsu ke nan, wani lokaci ma bayan alƙalin fage ko bayan ɗan damben ne ke tare musu.

A ganinmu ainihin rigimar ita ce wannan: turmukan da Marquez ya ci, musamman na tsakiya, ya ci su a fili, waɗanda aka ba Pacquiao kuwa da yawansu ƙiris ne ya raba. Mai kallo da ya tashi da hoton faɗan gaba ɗaya a kansa zai rantse Marquez ne ya yi nasara. Takarda kuma ba ta tara hoto, turmi take ƙirgawa, kuma kowanne 10-9 ne. Takardar Robert Hoyle ta 114-114 tana nufin shida-shida. Ta Dave Moretti, 115-113, bakwai da biyar. Duka biyun ana iya kare su, haka ma da wani ya rubuta 115-113 ga Marquez, wanda can ne ra'ayinmu ya fi karkata. Wadda ke da wuyar karewa ita ce ta Glenn Trowbridge, 116-112, don sai an ɗauki kusan duk turmin da ke da shakku an miƙa wa mutum ɗaya kafin a kai takwas da huɗu.

Akwai kuma laifin kusurwa. A turmukan ƙarshe mai horar da Marquez, Ignacio Beristain, ya gaya masa cewa shi ke gaba, Marquez kuma bai ƙara wuta yadda ya kamata ba, yayin da Freddie Roach, mai horar da Pacquiao, ke tura shi gaba. Ba a bayyana maki a tsakiyar wasa a wannan karawa, don haka abin da kusurwa ke faɗa zato ne kawai. Hukumar WBC tana da tsarin sanar da maki bayan turmi na huɗu da na takwas a wuraren da aka yarda da shi. Da akwai irinsa a daren, da Marquez ya san cewa turmi na 10 zuwa na 12 ba na lallaɓawa ba ne.

Masu zargin maguɗi kan ce Pacquiao ne mai kawo kuɗi a kamfanin Top Rank na Bob Arum, kuma a lokacin duniya na jiran karawarsa da Mayweather. Zargin ya samu kunnuwa, amma hukumar Nevada ce ke naɗa alƙalai, kuma wata bakwai bayan nan, ranar 9 ga Yuni 2012, a wannan zauren dai, aka ba Timothy Bradley nasara a kan Pacquiao a wasan da mafi yawan masu sharhi suka ce Pacquiao ne ya ci da rata. Kambun WBO ya bar hannunsa ta irin ƙofar da ya tsira da shi.

Idan aka tara takardu tara na karo ukun, Pacquiao yana da maki 1,024, Marquez 1,017. Maki bakwai a turmi 36, duk da faɗuwa huɗu da Marquez ya yi.

Karo na huɗu, ranar 8 ga Disamba 2012, babu kambun duniya a kai. Marquez ya kai Pacquiao ƙasa da dama a turmi na uku, abin da bai taɓa yi ba a baya. Pacquiao ya rama a na biyar, ya fasa masa hanci, ya fara mamaye wasan. Saura daƙiƙa ɗaya a gama turmi na shida Pacquiao ya zaburo kamar yadda ya saba, Marquez ya tarbe shi da gajeriyar dama, ya faɗi rub da ciki bai motsa ba, alƙalin fage Kenny Bayless ya tsayar da wasa ba tare da ƙirga ba. Da aka duba takardun alƙalan uku, kowannensu yana da Pacquiao a gaba da 47-46. An yi ta tayin karo na biyar, Marquez bai karɓa ba. Ya yi wasansa na ƙarshe a Mayu 2014 da Mike Alvarado, ya sanar da ritaya a 2017.