Ma'anar "goyon baya daga tushe" da yadda ake gane na jabu

Da zarar kakar zaɓen fid da gwani ta kawo jiki, kowa a rediyo sai ya koma ɗan tushe. Kakakin wane ya ce maigidansa na da "goyon baya daga tushe". An cika motoci da jama'a, an raba musu riguna da huluna da na cefane, gobe ka ji a labarai wai tushe ya motsa. Matasan da ake saya wa data su yi ta yabon uban gida a Facebook, su ma tushe ne. Kalmar ta zama riga, kowa ya ga dama sai ya zura.

Ba yawan mutane ake nufi ba, kuma ba talaucinsu ba. Tambaya biyu ce kawai: wa ya fara, kuma ina kuɗin ya dosa? Idan daga aljihun ɗan takara kuɗin ke gangarowa zuwa ga jama'a, wannan haya ce. Idan daga aljihun jama'a yake hawa zuwa ga ɗan takara, ba tare da an kira su ba, to nan ne kalmar ta zauna a gurbinta.

A duba Ron Paul a Amurka. Likita ne daga jihar Texas, ɗan majalisar wakilai, ɗan shekara 72 a 2007 lokacin da ya nemi tutar jam'iyyar Republican ta takarar shugaban ƙasa. Yana adawa da yaƙin Iraƙi a cikin jam'iyyar da ta ƙaddamar da yaƙin, don haka manyan jam'iyya ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Sai wani mai suna Trevor Lyman, wanda ba ma'aikacin ofishin kamfen ba ne, ya buɗe shafi a intanet ya ce kowa ya tura gudunmawarsa a rana ɗaya. Ranar 5 ga Nuwamban 2007 aka tara sama da dala miliyan 4 cikin awa 24. Ranar 16 ga Disamba suka sake, aka samu kusan miliyan 6. A lokacin doka ba ta yarda mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da dala 2,300 a zaɓen fid da gwani ba, kuma wanda ya haura 200 sai an miƙa sunansa ga hukumar zaɓe. Ke nan babu wani attajiri guda da zai zuba wannan kuɗi ya ce na talakawa ne. Ni siyasar mutumin ba ta burge ni ba, musamman ra'ayinsa na gwamnati ta janye hannu daga kusan komai, amma magoya bayansa na gaske ne.

Amurkawa na kiran goyon baya daga tushe "grassroots", wato saiwar ciyawa. Suna da suna na musamman ga na jabun, kuma asalinsa abin dariya ne. A 1965 aka buɗe katafaren filin wasa mai rufi a Houston da ke Texas, mai suna Astrodome. Rufin mai ɗaukar haske ne don ciyawa ta samu rana, sai ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido, ba sa ganin ƙwallo idan ta tashi sama. Aka shafe shi da fenti, ciyawa ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba da kamfanin Monsanto ya ƙera, aka raɗa mata AstroTurf. Kore shar daga nesa, ba saiwa ko ɗaya a ƙasa. A 1985 Sanata Lloyd Bentsen, shi ma ɗan Texas, ya ga wasiƙu sun yi masa tsibi a ofis, duk suna kare muradin kamfanonin inshora da sunan 'yan mazaɓa. Ya ce mutumin Texas ya san bambancin ciyawa mai saiwa da ta roba. Daga nan sunan ya bi duk wani gangamin da aka biya aka shirya, sannan aka ɗora masa sunan jama'a. Yawancin abin da ake kira tushe a rediyonmu, Bentsen ba zai sha wahalar gane shi ba.

Akwai kuma ruɗani na biyu, wanda masoya na gaske ne ke faɗawa ciki: su ɗauka cewa tunda su na gaske ne, to su ne masu rinjaye. Magoya bayan Paul sun riƙa lashe ƙuri'un jin ra'ayi na intanet bayan muhawara, sun cika YouTube. Da aka zo Iowa, jihar da aka fara zaɓen fid da gwani, ranar 3 ga Janairun 2008, ya zo na biyar da kusan kashi 10 cikin ɗari. John McCain ne ya ɗauki tutar. Kafin shi Howard Dean na jam'iyyar Democrat ya tara jama'a ta Meetup, shafin intanet na shirya taruka, a 2003, ya tara kuɗi, ya ƙare na uku a Iowa a 2004. Mai katin banki da intanet da lokacin zama yana musu da baƙi wani yanki ne na jama'a, kuma shi ne ya fi kowa ƙara.

A Najeriya tazarar ta fi haka faɗi, domin a 2022 daliget ne suka fitar da 'yan takarar manyan jam'iyyu. Ko matasa miliyan nawa ke ihu a waya, ba su da ƙuri'a a zauren. Peter Obi ya fice daga PDP a watan Mayun shekarar, kwanaki kaɗan kafin zaɓen fid da gwani, ya koma Labour. Aka yi ta yi wa mabiyansa dariya cewa a intanet kawai suke. A Fabrairun 2023 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6, ya cinye Legas da Abuja, ya zo na uku.