Shinkafi (sunan iyali)

Shinkafi suna ne da mutane da dama daga arewacin Jihar Zamfara suke liƙawa a ƙarshen sunayensu, kuma asalinsa sunan gari ne, ba sunan wani kaka da zuriya ta fito daga tsatsonsa ba. Garin Shinkafi shi ne hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna, wadda ta yi iyaka da ƙasar Isa ta Jihar Sakkwato, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 135,649. Galibi ana danganta sunan garin da shinkafa, saboda fadamun yankin da aka daɗe ana noma ta a cikinsu.

A al'adar Hausawa ta dā, ana sanin mutum ne da sunan yanka da na mahaifinsa, ko da sana'arsa, ko da sarautar gidansu. Makarantun boko da aikin gwamnati na zamanin Turawa ne suka yaɗa ɗabi'ar sa sunan gari. Idan malami ya buɗe rajista ya tarar da Umaru uku a aji guda, sai ya bambance su da garuruwansu, wannan na Gusau, wancan na Ƙaura, ɗayan kuma na Shinkafi. Kunya ma ta taimaka, domin yaro ba ya son ambaton sunan mahaifinsa gatsau a bainar jama'a. Da sunan ya hau takardar shaidar kammala karatu, sai ya bi mutum har wurin aiki.

Wanda ya fi fito da sunan a idon Nijeriya shi ne Alhaji Umaru Ali Shinkafi (1937–2016), Marafan Sakkwato, ɗan sanda kuma lauya, wanda ya shugabanci hukumar tsaron ƙasa ta NSO daga 1979 zuwa 1983, ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NRC a 1992, sannan ya tsaya mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa Olu Falae a zaɓen 1999. Akwai kuma Mahmud Aliyu Shinkafi, mataimakin gwamnan Zamfara daga 1999 zuwa 2007, wanda ya zama gwamna daga 2007 zuwa 2011. 'Yar Marafan, Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara ce da ta yi fice wajen yaƙi da cutar daji, kuma matar tsohon gwamnan Kebbi Atiku Bagudu. A wurinta ake ganin sauyin da ya fi muhimmanci a tarihin sunan, domin gadonsa ta yi daga mahaifi kamar yadda ake gadon sunan iyali.

Masu ɗauke da sunan mafi yawansu Hausawa ne da Fulani Musulmi, kuma an fi cin karo da shi a takardun waɗanda karatu, aiki ko kasuwanci ya kai Gusau, Sakkwato, Kaduna da Abuja. A cikin garin kuwa ba ya bambance kowa, tunda kowa ɗan Shinkafi ne, don haka unguwa da gida ake tambaya. Kuskure ne a ɗauka duk masu sunan dangin juna ne, balle ma akwai wata Shinkafi a gefen birnin Katsina da mutanenta su ma suke amfani da shi.