Waiwaye: Yadda Aka Juya Ruwan Duwatsun Lesotho Zuwa Gauteng

Johannesburg, da ke lardin Gauteng na Afirka ta Kudu, birni ne da zinariya ta kafa, ba kogi ba, shi ya sa ƙishirwa take biye da shi tun farko. Kudu da shi kuwa akwai Lesotho, ƙasa mai tsaunuka da ruwan sama da ƙanƙara, inda kogin Senqu yake tasowa ya gangara kudu maso yamma, ya ba wa masu buƙatarsa baya. Tun shekarun 1950 injiniya Ninham Shand ya ba da shawarar a tare ruwan a can sama, a huda dutse, a juya shi arewa zuwa kogin Vaal, wanda Johannesburg ke shan ruwansa. Siyasa ta riƙe maganar shekara talatin. Sai a ranar 24 ga Oktoba 1986 aka sa hannu kan yarjejeniya tsakanin Lesotho da Afirka ta Kudu, wata tara bayan sojoji sun hamɓarar da firaministan Lesotho Leabua Jonathan a lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta toshe iyakokin ƙasar. Wannan asali har yau yana damun Basotho (mutanen Lesotho) da yawa, kuma suna da hujja.

Madatsar Katse, mai tsayin mita 185 a kan kogin Malibamatso, tana ɗaukar kubik mita miliyan 1,950. Daga hasumiyar ɗiban ruwa da ke cikin tafkin, ruwa yana bin rami mai kilomita 45 a cikin dutse zuwa tashar wutar lantarki ta 'Muela, ya juya injina uku masu ba da megawat 72, sannan ya shiga wani ramin mai kilomita 37 ya ɓullo a kogin Ash kusa da garin Clarens a Afirka ta Kudu. Daga nan koguna ke kai shi madatsar Vaal. Babu famfo ko ɗaya a hanyar, gangara ce kawai. Ruwa ya fara isa a 1998. Daga baya aka ƙara madatsar Mohale mai mita 145, aka haɗa ta da Katse da rami mai kilomita 32. Jimillar abin da ake turawa ya kai kubik mita miliyan 780 a shekara.

Dutsen ma bai ba da kai da sauƙi ba. An yi niyyar barin sassan ramin farko ba shafe, sai aka ga dutsen yana ruɓewa yana marmashewa idan ya sha iska da danshi, saboda yumɓu mai kumbura da ke cikinsa. Dole aka shafe ramin duka da kankare. Da Katse ta fara cika a 1995, nauyin ruwan ya motsa ƙasa, gidaje suka tsage a ƙauyen Mapeleng. A 2006 ruwa ya cika Mohale da sauri, fuskar kankarenta ta tsage. Kogin Ash kuwa, da ya saba da ɗan ruwa, ya fara cin gaɓarsa har aka gina ƙananan shingaye don karya ƙarfin gudu.

Amma abin da ya fi wuya shi ne a ina za a ajiye ruwan, kuma yaushe za a sake shi. Tafkin Katse mai zurfi ne, yana wuri mai sanyi, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 36 ba. Tafkin Vaal ya ɗan fi shi ɗaukar ruwa, amma a shimfiɗe yake a kan murabba'in kilomita sama da 300, rana da iska suna shanye shi. A lissafin mai kula da ruwa, idan Vaal ya cika, a rufe rami a bar ruwa a sama, ya zama rumbun shekarar fari. Sai dai injinan 'Muela ba sa juyawa sai ruwa yana wucewa, kuma su ne ginshiƙin wutar Lesotho. Don haka ana tura ruwa bisa jadawalin shekara, ko da Vaal yana ambaliya ana buɗe ƙofofinsa. A ƙarshen 2019, bayan fari, Katse ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ruwan da ya zube a shekarun wadata shi ne aka rasa a lokacin.

Mutanen da ke ƙasan madatsun su aka fi mantawa da su. Yarjejeniyar 1986 ta tanadi a sakar wa kogi lita 500 kacal a daƙiƙa daga Katse, 300 daga Mohale. Kifi ya ragu, itacen wuta da ciyawar bakin kogi suka ja baya. Bayan bincike aka sauya ƙa'ida a farkon shekarun 2000, aka ƙara yawan ruwan, tare da sakin ambaliya lokaci-lokaci don wanke yashi da laka. Wannan gyara ya zo a makare, domin girman bututun sakin ruwa tun a zane ake yanke shi.

Kuɗin da Lesotho ke karɓa an gina shi ne kan kashi 56 na rarar da Afirka ta Kudu ta samu da ba ta yi famfon ruwan daga ƙasan kogin Orange ba, wato sunan Senqu bayan ya fita daga Lesotho. Cin hanci ya shiga aikin: a 2002 kotun Lesotho ta ɗaure tsohon shugaban hukumar aikin, Masupha Sole, ta kuma hukunta kamfanin Acres, sannan kamfanin Lahmeyer a 2003.

A Oktoba 2024 aka rufe ramukan na wata shida don cire tsatsa da sake fentin sassan ƙarfe, aikin ya zarce wa'adinsa. Abin da aka dogara da shi a lokacin shi ne madatsar Sterkfontein mai zurfi, wadda ake ajiye ruwan kogin Tugela a cikinta don irin wannan rana. Mataki na biyu, wato madatsar Polihali mai mita 165 da rami mai kilomita 38 zuwa Katse, an amince da shi tun 2011, zai ɗaga adadin ruwan da ake turawa zuwa kubik mita miliyan 1,270 a shekara, amma ya yi jinkirin shekaru masu yawa, jama'ar Gauteng kuwa kullum ƙaruwa suke yi.